Ajin bara da iska ta yaye: wa ke sa ido kan sayayyar gwamnati?

Duk shekara, da hadarin farko ya taso daga gabas, sai hotuna su cika Facebook: ajin firamare da aka ƙaddamar bara, iska ta naɗe kwanonsa kamar tabarma ta jefa a gonar maƙwabta. Gefensa kuma ga tsohon ginin zamanin Gwamna Audu Baƙo, bango ya yi baƙi, tagogi sun tafi, amma yana nan tsaye. A majalisar ƙofar gidan mai unguwa hukuncin ba ya wuce biyu. Wani ya ce ɗan kwangila ya cinye kuɗin, wani ya ce ai ƙasar ce babu doka.

Maganar farko rabin gaskiya ce, ta biyun kuwa kuskure ce. Akwai doka tun 2007, akwai kuma hukumomi a Abuja da Dutse da Kano waɗanda ba su da wani aiki sai wannan. To me ya sa rufin ke ci gaba da tashi? Tambayar ta ƙara matsowa kusa da mu tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan kuɗin suka sauka a sakatariya, wa zai duba abin da za a saya da su, da nawa za a saya, da kuma a hannun wa?

Daga watanda zuwa baitulmali

Abin da ake kira sayayyar gwamnati ya fi gini faɗi. Alli da benci, maganin asibiti, takin damina, motar ciyaman, kwalbati, rijiyar burtsatse, har da kuɗin masanin da zai auna ƙasa kafin a haƙa rijiyar, duk suna ciki. In ka cire albashi da fansho da biyan bashi, kusan duk sauran kuɗin gwamnati ta wannan ƙofa suke fita.

Wanda ya taɓa shiga watanda ya riga ya san darasin. Mutum ashirin su haɗa kuɗi gab da sallah, a wakilta biyu su tafi Gujungu ranar Lahadi su sayo sa. Ba kasafai ake jin an yi cuta mai yawa a nan ba. Ba don wakilan waliyyai ne ba. Kowa ya san nawa aka tara, farashin shanu a kasuwar ranar ba ɓoyayye ba ne, san da aka sayo kowa zai gan shi da idonsa, naman kuma a bainar jama'a ake kasa shi. Sannan wakilin a garin yake kwana. In ya yi ha'inci, da asuba zai haɗu da masu kuɗin a sahu ɗaya.

Kuɗin gwamnati ma na taro ne, sai dai duk waɗannan matsaran an cire su. Mai kuɗin, wato talaka, bai san nawa aka ware ba. Wanda ya sa hannu a kwangilar ajin, 'ya'yansa ba za su zauna a cikinsa ba. Wanda ya gina kuma ya koma birni, ba za a sake ganinsa ba. Duk dokokin sayayya na duniya ƙoƙari ne na dawo da idanun masu watanda ta hanyar takarda: a yi shela, a yi gasa, a rubuta, a duba, a hukunta.

Yadda aka faro gyaran

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Obasanjo ta gayyaci Bankin Duniya ya duba yadda ake ba da kwangila a ƙasar. Daga wannan bincike aka samo adadin da har yau ake ambato, cewa a kowace naira ɗaya da gwamnati ta kashe, kusan kwabo 60 na zurarewa. A 2001 aka buɗe wani sashe a fadar shugaban ƙasa mai tantance farashin kwangila kafin a amince da ita, wanda jama'a suka fi sani da Due Process. Oby Ezekwesili ce ta shahara da jagorancinsa, har sunan ofishin ya zame mata laƙabi.

Amma ofishin da shugaba ya kafa da baki, wani shugaban na iya rushe shi da baki. Shi ya sa aka mayar da abin doka, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa mata hannu a watan Yunin 2007, kwanaki kaɗan da hawansa mulki. Ita ta haifar da BPP, hukumar da ke sa ido kan sayayyar gwamnatin Tarayya.

Ƙashin bayan dokar a taƙaice yake. Ba a ba da kwangila sai akwai kuɗinta a kasafi. Asali shi ne a yi talla a fili, duk mai iyawa ya nema, a buɗe takardun a gaban masu neman, a gayyato 'yan kallo aƙalla biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar sa kai. A bai wa wanda ya fi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Kwangilar da ta haura wani adadi sai BPP ta ba da takardar amincewa. Hukuncin ma ba na wasa ba ne: ɗaurin shekara 5 zuwa 10 babu zaɓin tara, ma'aikaci a haɗa masa da kora, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.

A takarda ke nan. Ita dokar ta ce a kafa majalisa ta ƙasa da za ta zama uwa ga BPP, mai wakilan ƙwararru da 'yan jarida a ciki, amma aka shafe fiye da shekara goma ba a ƙaddamar da ita ba, manyan kwangiloli suka ci gaba da fitowa daga zaman Majalisar Zartarwa. Wato 'yan siyasar da aka yi dokar don a rage hannunsu, su suka riƙe alƙalamin.

Wace doka ce ta shafi garinmu?

Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Dokar 2007 ta Tarayya ce. Tana hawa kan ma'aikatun Abuja, da duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa daga Tarayya suka fito. Aikin jiha da na ƙaramar hukuma dokar jiha ke kula da su. Jigawa ta kafa hukumarta ta bin ƙa'ida da sa ido kan ayyuka tun zamanin Sule Lamido, Kano kuma ta yi dokarta ta sayayya a zamanin Ganduje. Jihohi da dama ba su motsa ba sai da aka sa kuɗi a gaba: shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750, ya riƙa biyan jiha lada in ta yi dokar sayayya, ta koma ba da kwangila ta intanet, ta kuma wallafa sunayen waɗanda ta bai wa.

Don haka a gari ɗaya kana iya samun ayyuka uku da iyayen gida uku. Fitilun sola na ɗan majalisar tarayya ne, ajin na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne da rabin kuɗinsa daga Abuja, kwalbatin kuma na ƙaramar hukuma. Wanda bai san wannan ba sai ya kai kukansa gidan da ba a yi mutuwar ba, a ce masa ba aikinmu ba ne, ya dawo yana cewa babu doka.

Ɓarnar da ake yi kafin a buga talla

A ganina babbar matsalar gyaran da aka yi ita ce an tara masu gadi a ƙofar tsakiya, wato ranar ba da kwangila, an bar ta farko da ta ƙarshe a buɗe. Mutumin karkara kuma a waɗannan biyun aka fi cutarsa.

Ƙofar farko ita ce zaɓen aikin. Wa ya ce fitilun kan hanya garin ke buƙata? Manoma kwalbati suke nema a mashigin da ke hana motar hatsi shigowa daga Yuli zuwa Satumba, sai a wayi gari an kakkafa turakun fitila ashirin daga ƙofar wani jigon jam'iyya zuwa bakin kasuwa. Ko da an bi kowace ƙa'ida wajen ba da wannan kwangila, asara ce. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara, sun yi suna a nan. A 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an kashe kusan tiriliyan ɗaya a kansu cikin shekara goma ba tare da an ga amfanin da ya kai haka ba, a shekarar kuma hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta fara bin sawunsu jiha-jiha. Masu bin diddigin kasafi sun sha nuna yadda ake cusa aikin fitila ko rabon babura a ƙarƙashin wata cibiyar binciken noma ko kwalejin da ba ta da injiniya ko ɗaya da zai duba aikin. Kuma ba banza aka fi son rabon keken ɗinki da injin markaɗe a kan gini ba. Gini yana tsayawa a ƙirga shi, injin markaɗe kuwa da an watse daga taro shi ke nan.

Bayan zaɓe sai ƙiyasi. Kowane aikin gini yana da takardar da ke lissafa komai dalla-dalla: buhun siminti nawa, rodi mai kauri nawa, kwano wane iri, katako nawa, zurfin tushe ƙafa nawa. In aka yi aringizo a wannan takarda tun a ofis, duk gasar da za a yi daga baya a kan ƙarya za a yi ta.

Ranar buɗe takardu

Ita gasar, wadda 'yan kwangila ke kira tanda, hanyoyin kauce mata sanannu ne. Kamfani uku su nema, ashe duk na mutum ɗaya ne, ɗaya da sunan matarsa, ɗaya da sunan direbansa. Ko a datsa babban aiki gida biyar don kowane yanki ya faɗo ƙasa da adadin da ke buƙatar amincewar hukuma, abin da dokar ta ambata ƙarara a matsayin laifi. Ko a fake da gaggawa. Doka ta yarda a yi sayayya ba tare da gasa ba in masifa ta auku, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja da Ringim ya san ba za a ce a jira talla na makonni kafin a sayo buhunan yashi da kwale-kwale ba. Matsalar ita ce kalmar gaggawa tana da daɗin faɗa, har takin da kowa ya san za a buƙata a watan Yuni sai a bari ya zama gaggawa.

Akwai kuma wata illa da dokar kanta ta haifar ba da niyya ba. Kafin ka nemi kwangilar Tarayya sai ka kawo rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardar fansho, da wasu takardun hukumomi. An yi haka don a kori kamfanonin jaka. Amma maginin garinmu, wanda ya gina masallacin Juma'a da rabin shagunan kasuwa, ba shi da ko ɗaya. Mai takardun yana Abuja ko Kano, bai taɓa riƙe cebur ba. Shi zai ci kwangilar, ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa na uku, a ƙarshe aikin ya dawo hannun maginin nan namu, da ragowar kuɗin da ba za su isa ba.

Lissafin ɗan kwangila

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin a tsine wa ɗan kwangila, a zauna a yi lissafinsa. Adadin da zan kawo misali ne kawai don a ga siffar abin.

A ɗauka an ba da ginin aji biyu a kan miliyan 20. Mai takarda ya cire uku ya sayar. Kashe-mu-raba na masu sa hannu ya ɗauki biyu. Harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari da sauran cire-cire suna nan. Kuɗin kafin alƙalami, wanda dokar Tarayya ta ƙayyade a kashi 15 kafin a ɗaga shi zuwa 30 a gyaran 2020, ba kullum ake biya ba, in ma za a biya sai ka kawo lamunin banki. Don haka sai ya ci bashi, a lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwa kuwa sama da haka. Ya gama aiki, fayil ya kwanta wata takwas. Doka ta ce biyan da ya wuce kwana 60 yana jawo wa gwamnati kuɗin ruwa, amma wane ɗan kwangila ne zai kai ƙarar ofishin da yake fatan samun wani aikin a cikinsa baɗi? A tsakanin nan kuma farashi bai tsaya ba. Wanda ya sa hannu a farkon 2023, kafin cire tallafin mai da sakin naira, ya iske buhun siminti ya ninka kafin shekara ta zagayo.

To daga ina zai fitar da ribarsa? Daga inda ido ba ya gani. Buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin da 'yan kai, a matsa masa ya ba da hamsin. Rodi mai kauri a musanya da siriri, tunda kankare zai rufe. Tushe ya rage zurfi. Kwano a sayo mai laushi kamar takarda, katakon rufi a bar shi babu maganin gara, ƙarafan da ke ɗaure rufi da bango a tsallake su. Wannan na ƙarshe shi ne amsar tambayar da aka fara da ita. Rufin da ba a ɗaure da bango ba hula ce kawai aka ɗora.

Ban kawo wannan don wanke kowa ba. Wanda ya karɓi aikin da ya san kuɗinsa ba za su isa ba, ya san me ya shirya yi. Sai dai gwamnatin da ba ta biya a kan lokaci, ita ke korar 'yan kwangilar kirki, ta bar wa kanta waɗanda suka iya algus. Haka ma zancen mafi araha. Araha ba ta ado. Wani da gangan yake karya farashi ya ci gasar, in an fara aiki ya dawo da takardar neman ƙari, a ƙarshe ya fi wanda aka kayar tsada.

Ma'aikatan ma suna da nasu kukan. Kasafi ya makara, kuɗi ba su fito ba sai damina ta kawo jiki, ga makonnin talla da tantancewa, ga waya daga sama cewa wane za a bai wa. Jami'in da ya ƙi, gobe ya ji an mayar da shi wani lungu. Masu cewa bin ƙa'ida na jawo jinkiri ba ƙarya suke yi ba. Amma mafi yawan jinkirin daga rashin shiri da wuri yake.

Sa hannun ƙarshe

Babu ɗan kwangilar da ake biya sai wani injiniya ko jami'in sa ido ya rubuta cewa an yi aikin yadda aka tsara. Wannan sa hannu shi ne mafi tsada a duk tafiyar, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Jami'in yana da ayyuka da dama a warwatse, ofishinsa babu mota, in akwai mota babu mai. Wa zai kai shi? Ɗan kwangilar da zai je dubawa. Shi zai ɗauko shi, ya ciyar da shi, ya mayar da shi gida da na goro. Kai ma ka san abin da za a rubuta.

Na ga irin wannan da idona a wata rijiyar burtsatse da aka haƙa mana. Masu haƙa suka iso da yamma, kafin hantsin washegari sun naɗe kayansu. Ruwa ya zo, aka yi guɗa, aka ɗauki hoto. Watan Maris na kamawa famfo ya fara tarin iska. Da wani ɗan garin mai aiki a birni ya samo takardar aikin, sai ga shi zurfin da aka biya ya kusa ninka wanda aka haƙa. Tsofaffin da suka zauna a wurin sun ƙirga bututun da aka zura, sun san adadinsu sarai. Abin da ba su sani ba shi ne nawa aka rubuta. Da takardar nan tana hannun mutum ɗaya a garin a daren, da motar ba ta tashi ba. Kuma wannan cuta ta fi ciwo a yankunan dutse irin Kazaure da Birnin Kudu da Gwaram, inda samun ruwa ya dogara ga auna wuri da kyau da kuma haƙa har a kai jijiyar.

Ko intanet za ta magance?

Gyaran da ake yayi yanzu shi ne a mayar da komai kan kwamfuta, a kuma wallafa. Yukiren ta yi suna da manhajarta ta Prozorro tun 2016, inda kowa ke iya ganin kowace kwangila da farashin da kowane kamfani ya nema. Koriya ta Kudu da Chile sun riga ta, Ruwanda ma ta bi. A gida BPP tana da shafin NOCOPO, ƙungiyoyi kuma suna da nasu, kamar Budeshi da Tracka. Amfaninsa a fili yake: fayil ba ya ɓata a durowa, ba a sauya farashi da daddare, kuma mai kamfani uku yana iya tonuwa. Sai dai kwamfuta abin da aka shigar mata take nunawa. Ba ta zuwa ƙauye ta ƙwanƙwasa bango.

Darasi biyu daga waje sun fi kama da halinmu. A Yuganda, wani bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin ɗari kacal na kuɗin gudanarwa da ake aika wa firamare ke isa makarantun. Gwamnati ta fara buga adadin a jaridu, ta sa a manna shi a makarantu. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Babu wata fasaha a ciki, sanarwa ce kawai aka kai inda masu haƙƙi za su gani.

Na biyun ya fi ɗaci. A Indonesiya, masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya bi ayyukan hanya a ƙauyuka fiye da 600, ya sa injiniyoyi suka haƙa titunan suka auna ainihin dutse da yashin da aka zuba. A ƙauyukan da aka gaya wa tun farko cewa lallai odita zai zo, kuɗin da suka ɓace sun ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari na kuɗin aikin. A ƙauyukan da aka ƙara gayyatar jama'a taro kawai, sauyin kaɗan ne, musamman a kan kayan aiki. Mutane sun iya kare ladan leburancinsu don sun san shi, amma ba su iya gane an rage dutse ba.

Masu cewa a bar wa al'umma sa ido, da masu cewa a bar wa hukuma, kowa ya riƙe rabi. Jama'a suna wurin dare da rana amma ba su da takarda, ba su da ikon hukunci. Odita yana da duka biyun amma ba ya wurin.

In kuɗin suka iso sakatariya

Aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli ya yi ta jan ƙafa, amma ko yaushe aka kammala, ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa za su zama manyan masu sayayya. Masu murna suna cewa ciyaman a kusa yake, ana iya tare shi a wurin ɗaurin aure, ba kamar kwamishina ba. Masu fargaba suna cewa a nan ne matsaran suka fi rauni: sashen ayyuka mai injiniya ɗaya ko biyu, kansilolin da suka fi jiran kasonsu na kwangila a kan bincikenta, da rahoton odita-janar na ƙananan hukumomi da kan fito bayan an manta da aikin. Ce-ce-ku-cen da aka yi a Kano a 2024 kan kwangilar sayen magunguna ga ƙananan hukumomin jihar, har gwamna ya umarci hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da rashawa ta bincika, ya nuna cewa sayayyar wannan mataki ba ƙaramin kuɗi ba ce. Dukkan ɓangarorin suna da hujja. Abin da zai raba gardama shi ne ko takardun aikin za su sauko ƙasa tare da kuɗin.

Ga mutumin gari, abin nema na farko ba ya buƙatar lauya. Allon aiki ne a bakin wurin, mai sunan hukumar da ta bayar, da kamfanin, da kuɗin, da wa'adin, a rubuce da Hausa. Na biyu takardar ƙiyasin kaya, kofe ɗaya a hannun hedimasta da kwamitin makaranta, ko kwamitin lafiya na mazaɓa in asibiti ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin wannan takarda a rubuce, ta kuma ba ofis kwana bakwai ya amsa. Da ita a hannu, magini ɗaya da malamin lissafi ɗaya sun isa su ƙirga buhu da rodi tun kafin a zuba kankare, domin bayan an shafe bango da fenti sai dai a yi zato.

Ba a yin wannan da ka. Wanda ya tashi shi kaɗai, kafin la'asar an ce ɗan adawa ne, ko yana baƙin ciki da ci gaban gari. Dagaci ma, Allah ya ja zamaninsa, albashinsa ta ƙaramar hukumar yake biyowa, bai kamata a ɗora masa abin da zai sa shi tsaka mai wuya ba. Takarda da sunan kwamiti, mai sa hannun liman da shugabar mata da matasa, ta fi wuyar jefarwa a kwandon shara, in kuma aka yi biris da ita ana iya kai kofenta ICPC in aikin na Tarayya ne, ko hukumar jiha in na jiha ne.

Akwai wani ɗan sashe a yawancin kwangilolin gini da ba a cika sani ba. Ba a biyan ɗan kwangila duka kuɗinsa ranar miƙa aiki. Ana riƙe wani kaso, galibi kashi 5 cikin ɗari, na tsawon wata shida, don in wani abu ya lalace ya dawo ya gyara kafin a sake masa. To a duba kalanda. Ajin da aka miƙa a watan Nuwamba, bayan an gama girbi, wata shidansa na cika a watan Mayu. Ɗan kwangila ya karɓi ragowar kuɗinsa ana tsakiyar zafin bazara, ruwa bai taɓa sauka a kan rufin ba. Iskar farkon damina tana zuwa bayan 'yan makonni. Kwamitin da ya san wannan zai iya rubuta wa hukumar tun ranar ƙaddamarwa, ya nemi kada a saki kuɗin riƙon sai ginin ya ga damina guda, kuma sai hedimasta da shugaban kwamiti sun sa hannu a gefen na injiniya.